KenPom da kakar Louisville ta 2022-23: abin da kuɗin rajista ke saya maka

A watan Nuwamba na 2022, ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Jami'ar Louisville, a jihar Kentucky ta Amurka, ta buɗe kakar wasa da karawa uku a gida, ta sha kashi a duka ukun, kowanne da maki ɗaya tak. Bellarmine ta doke ta 67-66. Wright State ta yi 73-72 da jifan da ya shiga daidai lokacin da agogo ya cika. Appalachian State ta tsira da 61-60, bayan alƙalai sun koma kan bidiyo sun soke ƙwallon da ɗan wasan Louisville El Ellis ya saka, saboda ta bar hannunsa bayan ƙarar tashi. Wanda ya tsaya a kan sakamako kaɗai cewa zai yi sa'a ce ta juya musu baya. Sai da aka kai wasa na goma kafin su ɗanɗana nasara, kaka kuma ta ƙare da cin wasa 4 da faɗuwa 28. Wannan ƙungiya ce da ta ɗauki kofin ƙasa a 1980 da 1986, filinta, KFC Yum! Center, yana cin mutum sama da 22,000.

Da wannan kaka muka auna KenPom, shafin ƙididdigar ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka da Ken Pomeroy ke gudanarwa. Dalilinmu shi ne, ƙungiyar da ke cin wasa ba ta bukatar dogon bayani. Wadda ke faɗuwa ce ake son a san inda ruwa ke shiga jirginta, kuma a nan ake gane ko kayan aiki na da amfani.

Pomeroy masanin hasashen yanayi ne kafin ya koma wannan sana'a gaba ɗaya, kuma ana ganin hakan a aikinsa: shafin an gina shi ne don ya yi hasashen abin da zai faru gobe, ba don ya saka wa kowa ladan abin da ya yi jiya ba. Shafin farko kyauta ne, yana jera duka ƙungiyoyin babban mataki, sama da 360, daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Abin da ke ciki, wato shafin kowace ƙungiya, na 'yan wasa, na masu horarwa da bayanan shekarun baya, sai ka biya dala 20 da 'yan kai a shekara. Mai biya daga Najeriya ko Nijar ya fara tabbatar da cewa katinsa na bankin yana wucewa a shafukan waje, don da dala ake cira.

Tushen komai a shafin abu ɗaya ne, kuma wanda bai kama shi ba kuɗinsa ya tafi a banza. Ba a ƙirga maki a kan kowane wasa, ana ƙirga shi ne a kan kowane hari 100. Hari shi ne daga lokacin da ƙwallo ta zo hannunku har ta koma hannun abokan karawa. Ga yadda ake lissafa shi: a ɗauki yawan jifan da aka yi, a cire ƙwallayen da kuka sake cafkewa bayan jifanku ya kuskure, a ƙara ƙwallayen da kuka zubar, sannan a ƙara jifan kyauta bayan an ninka shi da 0.475. A ce ƙungiya ta yi jifa 58, ta sake cafke 10, ta zubar da 15, ta samu jifan kyauta 20. Hari 72 da rabi ke nan. In maki 66 ta ci, to a kan hari 100 ta samu 91, alhali matsakaiciyar ƙungiya tana haura 100. Amfanin wannan shi ne ƙungiya mai jan ƙafa da take cin 62 tana iya fin mai gudu da take cin 75 iya kai hari, kuma teburin jarida ba zai taɓa nuna maka haka ba.

Daga nan sai a gyara lambar gwargwadon ƙarfin wanda aka kara da shi da kuma inda aka buga. Jerin kai hari shekaru da yawa AdjO ake rubuta masa, na tsaro AdjD, bambancinsu kuma AdjEM. Yanzu a shafin farko za ka ga ORtg, DRtg da NetRtg, amma ma'anar ba ta sauya ba. Wannan gyara shi ne ya tona asirin wasanni ukun nan. Bellarmine ba ta shigo babban mataki ba sai a 2020. Duka ukun daga ƙananan rukunai suka fito, kuma a gidan Louisville aka buga, inda mai masauki ke da rinjayen wajen maki uku tun kafin a jefa ƙwallo sama. Ƙungiyar ACC, babban rukunin da Louisville ke ciki, da ta amsa sunanta kamata ya yi ta raba gari da irin waɗannan tun kafin hutun rabin lokaci. Saboda haka a ma'aunin KenPom, ko da Louisville ta ci wasannin nan da maki ɗaya, matsayinta ƙasa zai yi, domin abin da ake dubawa tazara ce da ƙarfin abokin karawa, ba wanda ya yi murna a ƙarshe ba. Mako biyu ba a yi ba sai ga tabbaci a gasar Maui, inda Louisville ta sake shan kashi sau uku: Arkansas 80-54, Texas Tech 70-38, Cincinnati 81-62. Maki 38 a minti 40, ko da hari 60 kacal aka yi, bai wuce 63 a kan ɗari ba.

Inda kuɗin rajista ya fi halatta shi ne shafin ƙungiya. A hagu akwai abubuwa huɗu da masanin ƙididdiga Dean Oliver ya ware a matsayin masu yanke hukuncin wasa: ingancin jifa, zubar da ƙwallo, sake cafke ƙwallo bayan kuskure, da yawan zuwa layin jifan kyauta. Ya ba su nauyin kashi 40, 25, 20 da 15 bi da bi. Kowanne an nuna shi sau biyu, na kai hari da na tsaro, da matsayin ƙungiya a ƙasa baki ɗaya, kuma an shafa masa launi: kore in da kyau, ja in da matsala. Ingancin jifa a nan yana ba wa jifan maki uku ƙarin rabi, don haka wanda ya saka 4 cikin 10 daga nesa daidai yake da wanda ya saka 6 cikin 10 daga kusa.

A shafin Louisville na wannan kaka, ja ya fi tsananta a layin zubar da ƙwallo. Fiye da hari ɗaya cikin kowane biyar yana mutuwa ba tare da an ko yi jifa ba, alhali matsakaicin ƙasa a lokacin wajen kashi 18 ne cikin ɗari. Wani zai ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A wasa mai hari 68, bambancin ya kai hari biyu zuwa uku, wato kusan maki uku da aka watsar, ban da wanda abokan karawa ke samu a ɓagas in sun ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili sun ruga kwando ba kowa a gabansu. Ka tuna wasa uku aka rasa da maki ɗaya-ɗaya. A duk kakar, ƙwallayen da ƙungiyar ta zubar sun fi waɗanda ta miƙa aka ci maki da su yawa, abin da ba a saba gani ba a babban rukuni.

Ƙasa da wannan akwai jerin 'yan wasa, kuma yadda aka kasa su ya burge mu. Ba a jera su da yawan maki ba, an jera su ne da kason hare-haren da ke ƙarewa a hannunsu, ko da jifa, ko da zuwa layi, ko da zubarwa. Wanda ya haura kashi 28 shi ne ake jingina da shi. Daga 24 zuwa 28 babban mai ba da gudummawa. Haka har zuwa waɗanda ba su kai 12 ba. Mutum biyar ne a fili, don haka rabon kowa 20 ne in an raba daidai. A Louisville El Ellis ne ya ɗauki kayan, yana cin maki 17.7 a kowane wasa, da ƙyar yake zama a benci. Asalinsa mai neman kwando ne, amma babu wani gogaggen mai rarraba ƙwallo a ƙungiyar, sai aka ɗora masa duka biyun. Da ka haɗa mintunansa, kasonsa na hari da yawan zubarwar ƙungiya, hoton ya fito: abokan karawa sun san in suka matse mutum ɗaya, sun rufe hanya. Wannan ba laifin ɗan wasan ba ne, laifin yadda aka haɗa ƙungiyar ne tun kafin kaka.

Akwai shafi mai suna Game Plan da ke jera abubuwa huɗun nan wasa bayan wasa. Da shi za ka ɗora nasara huɗun, a kan Western Kentucky, Florida A&M, Georgia Tech da Clemson, kusa da sauran wasanni ka ga me ya bambanta su. Kowane wasa kuma yana da zanen da ke nuna yadda damar cin wasa ta riƙa hawa da sauka minti bayan minti. Ga mai bibiya daga Kano ko Yamai wannan ba ƙaramin abu ba ne: wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka, ƙarfe 1 na dare ne a nan lokacin hunturu. Da safe zanen zai nuna maka a wane minti wasa ya kuɓuce.

To sai kurakurai, kuma suna da nauyi.

Na farko, lambobin farkon kaka ba na kakar ba ne zalla. Ana cakuɗa su da hasashen da aka yi tun kafin a fara, wanda ya dogara da tarihin ƙungiya da waɗanda suka dawo, kuma tasirinsa ba ya gushewa sai wajen Janairu. Babbar ƙungiya da ta ruguje takan daɗe a matsayin da ya fi ƙarfinta. A Nuwamba da Disamba kada ka dogara da lambar matsayi, ka buɗe wasannin ɗaya bayan ɗaya. Louisville sai a hankali ta yi ta gangarowa har ta ƙare wajen matsayi na 290.

Na biyu, wasannin share fage da na ƙungiyoyin ƙaramin mataki ba sa shiga lissafi. Gargaɗin farko na wannan kaka shi ne kashin da Lenoir-Rhyne, ƙungiyar mataki na biyu, ta ba Louisville 57-47 a wasan share fage. Ma'aunin bai san an yi shi ba. Haka kuma bai san rauni ba: in babban ɗan wasa ya ji ciwo yau, hasashen gobe yana nan kamar yana fili. Ɗan wasan da ya buga kaɗan ma lambobinsa ba abin kafa hujja ba ne. Emmanuel Okorafor, ɗan Najeriya da ya zo Louisville daga makarantar NBA ta Afirka a Janairun 2023, wasanni kaɗan ya samu a kakar, kuma duk wanda ya yanke masa hukunci da wannan ɗan samfur ya yi gaggawa.

Na uku shi ne mafi girma. Shafin yana faɗa maka me ya lalace, ba ya faɗa maka dalili. Babu bidiyo ko ɗaya a ciki. Ba za ka ga ɗan tsaro ya makara wajen juyowa ba, ko mutum huɗu sun tsaya cak suna kallon mai ƙwallo. Ba zai gaya maka cewa kocin Louisville, Chris Mack, ya bar aiki a tsakiyar kakar da ta gabata, a Janairun 2022, ba. Ba zai gaya maka cewa kocin ƙungiyar a wannan kaka, Kenny Payne, wanda yana cikin 'yan wasan da suka ci kofin 1986 kuma ya daɗe yana mataimaki a Kentucky da New York Knicks, wannan ne karonsa na farko a matsayin babban koci ba. Ba zai nuna maka cewa binciken NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, wanda ya samo asali tun 2017, yana rataye a wuyan jami'ar har Nuwamban 2022, lokacin da kakar ɗaukar 'yan wasa ta riga ta wuce ba. Waɗannan sai ka nemo su a wani wuri.

Sannan zamanin sauya sheƙa ya rage wa tarihi daraja. Tun 2021 ɗan wasa na iya komawa wata jami'a ya buga nan take ba tare da zaman shekara ba. Bayan kakar Payne ta biyu ta ƙare 8-24, an sallame shi a Maris na 2024 da jimillar nasara 12 da faɗuwa 52. Sabon koci Pat Kelsey ya zo daga Charleston, ya sake ƙungiyar kusan gaba ɗaya da sababbin mutane, ya gama kakar 2024-25 da 27-8, ciki har da 18-2 a ACC. Shafin yana da layin da ke nuna kason mintunan da suka dawo daga bara. In ka ga ya yi ƙasa ƙwarai, ka ajiye lambobin bara gefe.

Fasalin shafin kansa tsohon yayi ne, tebur ne cike da ƙananan lambobi, da Turanci kawai. A kwamfuta yana da daɗin karatu, a waya sai ka yi ta ja da matsewa. Amfaninsa shi ne ba ya cin data kuma yana buɗewa ko intanet na jan ƙafa.

Wa ya kamata ya biya? Mai horarwa, mai sharhin wasanni, da wanda ke bibiyar 'yan Afirka a jami'o'i daban-daban, kuɗin ya yi musu araha. Kocin makaranta ko na kulob a nan gida ma zai ƙaru, don lissafin hari da abubuwa huɗun nan ana iya yinsu da biro a kan takardar sakamakon kowane wasa. Wanda ƙungiya ɗaya kawai yake bi jefi-jefi, ya fara da shafin Bart Torvik, wanda kyauta ne, tsarinsa ya yi kama da wannan, kuma yana ba ka damar zaɓar daga rana kaza zuwa rana kaza ka ga yadda ƙungiya ta taka a tsakanin, abin da ke magance matsalar hasashen farkon kaka. In za ka biya KenPom, ka biya a farkon Nuwamba, ka kuma riƙa duba Game Plan bayan kowane wasa biyar, ka fara da layin zubar da ƙwallo.