Kalkuleta Casio fx-92 Collège a hannun ɗan ajin BEPC

Na yi aiki da ita da yaran da ke shirin BEPC, jarrabawar kammala matakin farko na sakandare, a nan Garwa ta Kamaru, kuma ta cancanci kuɗinta. Don tsarin makarantun Faransanci aka yi ta: waƙafi take sawa a lamba, 0,5 ba 0.5 ba, daidai da yadda malam ke rubutawa a allo. Maɓallin ba da amsa kuwa EXE ne.

A lissafin siffofi ta fi burge ni. Alwatika mai kusurwar digiri 90, gefe 5 da gefe 7: ka nemi dogon gefen da ƙa'idar Pitagoras, sai ta ba ka √74 cif, sai ka nema sannan ta juya shi zuwa 8,60. Da'ira mai rayon 4 (tsawon daga tsakiya zuwa baki), faɗin filinta 16π take nunawa, wato 50,27. Amma a kula, in takardar ta ce a ɗauki π a matsayin 3,14, da hannu za a buga shi, amsar kuma 50,24 ce. Nan yara ke zubar da maki a banza.

Kafin a taɓa kusurwa, a gwada cos 60. In ta ba da 1/2, tana kan digiri. In ka ga −0,95, wani ya mai da ita radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, kuma duk amsar da ta biyo baya ta lalace. Yawanci ƙannen gida ne ke wannan aika-aika.

A kaso cikin ɗari, shawarata a ƙyale alamar % a riƙa ninkawa. Harajin TVA, wanda ake ɗorawa kan kuɗin kaya, a Kamaru 19,25% ne, don haka kayan sefa 10 000 sai a ninka da 1,1925, a samu 11 925. Komawa baya ne matsalar. Yaro sai ya cire 19,25% daga 11 925 ya samu kusan 9 629, alhali rabawa ake yi da 1,1925, domin a kan kuɗin farko aka ɗora harajin. Kalkuleta ba ruwanta, abin da aka buga mata take lissafawa. Haka −3² zai fito −9, sai an kewaye −3 da baka za a ga 9.

Jabu na yawo a kasuwa. A danna maɓallan tun a gaban mai shago, a duba ko rubutun allon na fita sosai.