HDFS, CephFS ko Gluster: a kan wanne za ka ɗora fayilolinka?

Ranar da fayilolin wurin aiki suka fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, dole a haɗa injina uku ko goma su zama rumbu guda. Kai dai ka zauna gaban baƙin allo kana buga umarni, ba ruwanka da wane faifai ke riƙe da wane fayil. Manhajojin da ke wannan aiki, irin su HDFS da CephFS da Gluster, kusan duk kyauta ne. Inda kuɗi ke tafiya shi ne faifai da RAM da wayoyin sadarwa, sai kuma barcinka.

Ni CephFS nake nuna wa mutane. Amma bari in fara da wanda ya taɓa sa ni zufa da sanyin safiya.

HDFS na gidan Hadoop ne, wato tarin manhajojin sarrafa manyan bayanai, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 2006, bisa tsarin da Google ta bayyana a 2003. Yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace megabayit 128, ya ajiye kwafi uku a injina dabam-dabam. Idan aikinka manyan fayiloli ne da Spark, manhajar nazarin manyan bayanai, zai niƙa, ba shi da laifi. Sai dai komai sai ka bi ta ƙofarsa: `hdfs dfs -ls`, `hdfs dfs -put`, `hdfs dfs -get`. Babu `cd`, kuma ba a gyara tsakiyar fayil, sai dai a ƙara a ƙarshensa. Ga ƙyamar ƙananan fayiloli, domin NameNode, injin da ke kula da rajistar fayilolin, a cikin RAM yake riƙe da sunan kowane ɗaya.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona ni shi ne kwandon shara. Wata rana na buga `hdfs dfs -rm -r`, yatsana ya saka tazara a tsakiyar adireshin folda, uwar foldar ta tafi da duk abin da ke cikinta. Hankalina kwance na nufi `.Trash`, na tarar wayam. Ashe `fs.trash.interval` a kan sifili yake zuwa, ma'ana kwandon a kashe yake sai wani ya kunna shi, kuma wanda ya kafa mana tsarin bai kunna ba. Kwafi ukun nan da ake taƙama da su, tare suka tafi. Maganin mutuwar faifai ne su, ba sa maganin kuskuren yatsa.

Tun daga ranar tambayata ta farko ga kowane tsari ita ce: idan hannuna ya zame, me zai dawo min da kayana?

Ceph, tsarin ajiyar da CephFS ke zaune a kansa, ya samo asali daga binciken digirin digirgir na Sage Weil a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Kurus. Ya shiga zuciyar Linux a 2010, aka ayyana CephFS a matsayin wanda ya nuna a 2016, kuma cibiyar binciken kimiyya ta CERN na cikin masu ajiya a kansa. Da ka ɗaura shi da `mount -t ceph`, ya zama folda kamar kowace. `ls` da `cp` da `mv` da `rsync` da `find` duk suna aiki, ba sai ka sake koyon wani yare ba. Kana son sanin nauyin folda mai fayil miliyan? Maimakon ka bar `du` ya wuni yana ƙirga, buga `getfattr -n ceph.dir.rbytes` da sunan foldar, amsa ta fito nan take. Da `setfattr` kuma kake yanka wa kowane sashe iyakar abin da zai zuba.

Inda ya sace min zuciya shi ne ɗaukar hoton folda. Ka shiga ciki ka buga `mkdir .snap/kafin-gyara`, shi ke nan, yadda foldar take a wannan lokaci ya tsaya cak. In ka yi ɓarna, `cp` kawai za ka yi daga can. Ana iya sa shi ya riƙa ɗauka da kansa duk awa. HDFS ma yana da irin wannan, gaskiya, amma sai mai kula ya buɗe wa kowace folda da `-allowSnapshot`. Sannan Ceph ba ya yarda ka goge rumbu sukutum sai ka rubuta sunansa sau biyu ka ƙara da `--yes-i-really-really-mean-it`. Wasu na dariyar wannan. Ni ban taɓa yi ba.

Yana da ci, kada in ɓoye maka. Ƙasa da injina uku wasa ne, kowane faifai yana neman RAM wajen gigabayit 4, kuma sadarwa mai gigabit 10 ta fi masa daɗi. Agogon injinan ma sai sun daidaita, in ba haka ba `ceph -s` ya dame ka da gargaɗin HEALTH_WARN. A inda wuta ke yawan ɗaukewa, sayi batir kafin ka sayi faifai na huɗu.

GlusterFS yana da sauƙin kafawa, amma Red Hat, kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, ta rufe babin nata samfurin a ƙarshen 2024, ni kuwa ba na gini a unguwar da masu ita ke kwashe kaya. Lustre na manyan kwamfutocin bincike ne, ba naka ba ne.

To, duk wanda ka zaɓa, a kan faifai zai zauna, kuma a nan macuta suke. A farkon 2025 kafar heise ta Jamus ta bankaɗo yadda ake sayar da tsofaffin faifan Seagate Exos a matsayin sababbi. 'Yan damfara sun goge ƙididdigar SMART, wato lissafin da faifai ke ajiyewa na lafiyarsa da sa'o'in aikinsa, ta koma sifili, alhali faifan sun yi dubban sa'o'i suna juyawa, ana kyautata zaton a wurin masu haƙar kuɗin intanet na Chia. Idan an yi wa Turai haka, kai da ke saye hannu na uku fa? Kwali mai sheƙi da leda a manne ba shaida ba ne. Duba lambar faifan a shafin garanti na kamfanin. Buga `smartctl -a`, sannan in Seagate ne ka ƙara da `smartctl -l farm`, wanda ke buƙatar smartmontools 7.4 ko sama. In sa'o'in aikin da umarnan biyu suka nuna suka saɓa, tsoho ne aka yi wa wanka.

Akwai kuma faifan SMR, masu rubutu layi kan layi kamar jeren kwanon rufi. A 2020 aka gano wasu WD Red masu terabayit 2 zuwa 6 irinsu ne ba tare da an rubuta ba. Lafiya lau suke har ranar da faifai ɗaya ya mutu, tsarin ya fara sake rarraba kwafi, sai su riƙa jan ƙafa kamar jaki da kaya. Nemi CMR, wato faifan da layukansu ba sa hawa kan juna, kuma da lambar samfurin za ka tabbatar, bakin mai shago ba hujja ba ne. SSD mai arhar banza kuwa, wanda aka rubuta terabayit 2 a jikinsa, gwada shi da `f3write` da `f3read` ka ga ainihin cikinsa. Ni yanzu ba na cika kuɗi sai mai kaya ya yarda in riƙe faifan kwana uku `badblocks`, umarnin neman wuraren da suka lalace, ya bi ta kansa daga farko har ƙarshe.