Da wane imel ya kamata ka sayi sunan shafinka?

Kamfanonin da ke sayar da sunan shafin intanet, wato domen, irin su Namecheap da GoDaddy, ba su san fuskar kowa ba. Abin da suka sani shi ne imel ɗin da aka rubuta ranar saye. Can suke aika tunin sabunta rajista in wa'adinta ya kusa cika, can ake canza kalmar sirri, kuma galibi can lambar mayar da domen zuwa wani kamfani take faɗawa. Wanda ke riƙe da akwatin imel ɗin nan shi ke da shafin, kamar yadda fili yake na wanda sunansa ke kan takarda, ko da wani ne ya biya kuɗin.

Abin har da doka. Tun yarjejeniyar da hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet a duniya, ta tsara a 2013, wanda ya sayi .com ko .net ko .org sai ya tabbatar da imel ɗinsa cikin kwana 15, in ba haka ba a dakatar da domen ɗin. Haka kuma dole kamfani ya aiko da tuni wajen wata guda kafin wa'adi ya cika, ya sake aikowa saura mako guda. In saƙonnin nan suna zuwa inda ba mai dubawa, sai dai a wayi gari shafi ya ɗauke.

Mafi muni shi ne imel ɗin wanda ya gina maka shafin, kuma shi ya fi yawa a wajenmu. Mai shagon atamfa zai ba wani yaro kuɗi ya ce a buɗe masa shafi, yaron ya yi rajista da nasa imel don sauri, ba da mugun nufi ba. Bayan shekara biyu ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi, ko kuma an ɓata a kan cikon kuɗi. Ga suna a jikin allon shago da ledoji da rasit, amma Alhaji ba shi da ta cewa. Zuwa wajen kamfanin da hujjar tura kuɗi ba lallai ya yi amfani ba, don su wanda ke cikin rajista suke saurara. Mai gini a ba shi izinin shiga ya yi aikinsa, rajista kuwa da sunan mai kaya.

Imel ɗin ofis ko na jami'a ba ya buƙatar dogon bayani: ranar da ka bar wurin za a iya rufe shi.

Akwai wanda ke burge mutane, wato imel ɗin da ke kan domen ɗin kansa, irin mai farawa da info. Yana da kyau a katin kasuwanci, amma tarko ne a nan. Da zarar domen ya faɗi, imel ɗin ya faɗi tare da shi, saƙon da zai taimake ka ka farfaɗo da shi kuma can za a aika. In har wani ya saye sunan bayan an sake shi, zai iya buɗe irin wannan adireshi ya riƙa karɓar wasiƙunka.

Gmail ɗinka na kullum ya fi waɗannan duka, kuma ga mai domen ɗaya ba laifi. Matsalarsa cunkoso: tunin sabuntawa yakan nutse cikin tallace-tallace, ga shi kowa ya san adireshin, har masu aiko da saƙon bogi cewa domen ɗinka zai mutu yau in ba ka latsa nan ba. Tun da dokar Turai ta kare bayanan mutane, wato GDPR, ta fara aiki a Mayun 2018 yawancin kamfanoni suna ɓoye bayanan mai rajista, amma domen na ƙasashe, irin .ng na Najeriya, suna da nasu tsarin. Hukumar NiRA ke kula da .ng, don haka a duba abin da ke fita fili kafin a biya.

Ni dai zaɓina shi ne a buɗe imel na musamman, a Gmail ko Proton, wanda ba a ba kowa, ba a yin komai da shi sai harkar domen. Haɗarinsa ɗaya, mantuwa. Google ta fara goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba tun Disambar 2023, Yahoo kuwa a 2013 ta taɓa sake raba tsofaffin adireshi ga sababbin mutane. Maganin shi ne a saita shi ya riƙa turo kwafin saƙo zuwa imel ɗin kullum, a kuma leƙa shi lokaci-lokaci. A kunna tabbaci mai mataki biyu, wato neman ƙarin lamba bayan kalmar sirri, ta manhaja maimakon saƙon tes, tunda layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya yakan sayar wa wani. Lambobin ko-ta-kwana, waɗanda ake shiga da su in waya ta ɓata, a rubuta su a takarda a adana. Kada a dogara da sabuntawa ta kai tsaye kaɗai, katin banki yakan ƙare ko ya ƙi biyan dala. In na ƙungiya ne ko makaranta, mutum biyu amintattu su san hanyar shiga.

Wanda ya riga ya saya da imel ɗin da bai dace ba zai iya canzawa, amma ya yi tun tsohon akwatin yana buɗuwa, don ana iya neman amincewa daga can. Canjin kuma yakan jawo kulle na kwana 60 da ba a iya mayar da domen zuwa wani kamfani, saboda haka mai niyyar ƙaura ya fara ƙaura, sannan ya canza imel.