Tantin gwanjon da ya raka ni daga Badun zuwa Birnin Kebbi

Shekara shida na yi a Badun ina kabu-kabu, abin da mutanen can ke kira okada. Bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafi ya daina fita. A sha mai, a biya kuɗin ɗaki, a ci abinci, abin da zan turo gida bai taka kara ya karya ba. Na daure har hunturu ya shigo, sannan na ce gida zan koma in kama noman shinkafa tare da kawuna. Abokai suka ce in ɗora mashin a tirelar da ta sauke albasar Aliero za ta koma, in hau sama kamar yadda kowa ke yi. Na taɓa hawa sau ɗaya, ban ƙara marmari ba. Na ce mashin ɗina zan tuƙo.

Abin da ya rage shi ne wurin kwana. Kuɗin masauki na dare uku ya fi ƙarfina, kwanan tasha kuwa na san sauronsa. A nan ne wani mai gwanjo ya nuna mini tanti na mutum biyu, launin ganye, cikin 'yar jakarsa mai tsawon kamu ɗaya da 'yan kai. Ba shi da takarda, sunan da ke jiki ma ya goge. Kuɗinsa bai kai na sabuwar taya ɗaya ba. Yanzu ya haura shekara a hannuna, ya ga hunturu da bazara da damina, don haka ina da bakin magana a kansa.

Riga biyu gare shi. Ta ciki raga ce irin ta gidan sauro, ɗinke da shimfiɗa mai kaurin tamfol, da zif a ƙofa. Ta waje yadi ne mai santsi da ake lulluɓawa saboda ruwa da raɓa. Sanduna biyu ne siraran gaske, gaɓa-gaɓa, da roba a cikinsu tana haɗa su. Ka gicciya su, ka lanƙwasa, ka soka bakinsu a kusurwa huɗu, ɗaki ya tashi. Ranar farko na fi minti ashirin ina kokawa da shi. Yanzu kafin mai shayi ya gama soya ƙwai na gama.

Babban alherinsa, wanda mai gwanjon ma bai san ya faɗa mini ba, shi ne yana tsayawa da ƙafarsa. Gidan sauro na gida sai da ƙusa ko igiya ko reshe. Wannan a kan siminti ma zai tsaya, ba sai an kafa turaku ba. Daren farko a Jebba na gane haka. Na baro Badun da asuba, na bi Oyo, Ogbomosho, Ilori, na sha hayaƙin tankoki da tireloli har na iso bakin kogin Kwara gab da magariba, bayana kamar an daka. Na roƙi maigadin wani gidan mai, ya nuna mini gefen shagon faci. Sauron bakin kogi ya zo da rundunarsa, ina jin kukansa a jikin raga kamar ana goge, amma ko ɗaya bai shigo ba. Direbobin da ke kwance a kan kwali suna ta marin kansu har gari ya waye. Wani ya taya tantin da safe, na ce ba na sayarwa ba ne.

A kan mashin ba ya da nauyi, amma yana da tsawo. Boxer gare ni, mai giya huɗu, irin wanda kamfanin Bajaj na Indiya ke yi, kuma na riga na yi masa lodi: jakar kaya, buhu mai tukunya da risho, galan ɗin mai, kayan aiki. Da farko na ɗaure tantin a gicciye a kan kariya, sai ya zamana ya leƙo ta gefe, a cunkoson Ilori har ya shafi madubin wata mota, na sha zagi da Yarbanci. Daga nan na mayar da shi a tsaye, bin tsawon mashin, na ɗaure da robar tsohon tif. Mai nauyi ƙasa kuma kusa da bayanka, marar nauyi sama. Idan ka tara nauyi can ƙarshen kariya, gaban mashin zai riƙa rawa a hannunka, musamman in babbar mota ta wuce ta watso maka iska.

Sai maganar da ta fi komai, wadda ba a jikin tantin take ba. Masu yin irin wannan kaya sun yi shi ne don mutanen da ke shiga daji su kwana don nishaɗi. A hanyar Kwantagora zuwa Yawuri, a wannan zamani, wanda ya sauka daga titi ya kafa tanti a daji da mashin a gefensa, ko ɓarayin daji su same shi, ko 'yan banga su ɗauke shi ɗan leƙen asirinsu. Duka biyun babu na zaɓe. Ban tuƙa da dare ba ko sau ɗaya, la'asar sakaliya ta yi mini a cikin gari. A Kwantagora harabar masallaci na kwana, bayan na gaida liman na nuna katin shaidata.

A Yawuri ne na yi wauta. Faci ya ɓata mini rana, na iso a gajiye, na ga wani fili kusa da rumfunan masu kifi, na kafa abina ban tambayi kowa ba. Ban jima da kwanciya ba sai hasken tocila ya cika ragar, na ji ana buga ƙasa da gora.

"Kai wane ne a ciki? Fito!"

Zif ɗin ya zaɓi wannan lokacin ya cije. Ina ja, yana ƙi, ina cewa, "Baba, ku yi haƙuri, ƙofar ce ta maƙale, wallahi matafiyi ne." Da ƙyar na fito da rarrafe. Dattijo ne da samari biyu. Ya duba takardun mashin, ya tambaye ni unguwarmu a Birnin Kebbi da sunan mai unguwa, na faɗa. Sai ya sauke murya.

"Yaro, baƙo ba ya shimfiɗa sai ya yi sallama. Kwashe ɗakin naka ka biyo ni."

Ɗaukarsa na yi ɗungurungum, ban kwance ba, samarin na dariya, na ajiye a ƙofar gidansa. Har ya aiko mini da tuwon shinkafa da miyar kifi.

Zif ɗin nan shi ne aibinsa na farko. Ƙurar hunturu tana shiga haƙoransa, ga shi siriri. Maganinsa tsohon buroshin goge baki da gutsuren kyandir: a kaɗe, a goga. Kada a sa baƙin mai, ƙura yake ƙara kamawa. Na biyu, in ka rufe rigar waje ruf saboda sanyi, da asuba za ka tarar cikinta ya jiƙe sharkaf da tururin numfashinka, yana ɗigo maka a fuska. Sai an bar kafa ta sama. Kuma in ka naɗe shi da danshi ka kama hanya, kwana biyu ya fara warin fumfuna.

Na iso gida rana ta huɗu, ta Koko, Jega da Kalgo. Kawu ya zagaya tantin sau biyu a tsakar gida, ya leƙa ciki, ya ce, "Wanga ɗaki naka, in iska ta taso, kai da shi za ta kwasa." Bai yi ƙarya ba. A noman rani na kai shi fadama ina gadin injin ban-ruwa, kuma a nan ya biya kuɗinsa ninki, don sauron fadama ya fi na Jebba rashin kunya. Amma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ba a iya sa rigar waje, tanda ce. Raga kaɗai nake bari, ita ma sai dare ya raba iska ke ratsa ta. Da hadarin farko ya taso da guguwarsa kuwa, turakunsa, 'yan siraran ƙarafa kamar tsinken tsire, suka fita daga yashi kamar ba a kafa ba. Sanda ɗaya ta tsage a gaɓa, zaruruwanta suka shige mini yatsa, na kwana biyu ina cira. Ruwa bai ratsa yadin ba, ta ɗinkin kusurwa ya shigo.

Na kai wa wani maƙeri ya yanko mini turaku daga rodi, masu tsawon taƙi guda, da lanƙwasa a kai. Sandar da ta tsage na zura mata guntun bututun ƙarfe na naɗe da salatif. A shimfiɗa ina ƙara tamfol a ƙasa saboda ƙaya da kaikayin shinkafa.

Wanda zai yi doguwar tafiya a mashin lokacin rani, yana kwana cikin gari da izinin masu wuri, ya saya, ko don sauro. Ya buɗe shi a gaban mai gwanjo, ya ja zif sau goma, ya duba kowace gaɓar sanda, ya ɗaga ragar a rana ya nemi huji. Mai neman abin da zai tare masa ruwan Agusta ya nemi ɗaki. Nawa yanzu yana hannun ƙanena, ya tafi da shi Argungu wajen yankan shinkafa, kuma na gaya masa in ya dawo mini da shi babu kyandir ɗin da ke cikin jakar, shi zai saya.