Gwajin Sankarar Babban Hanji: Wanne Ya Dace Mutum Ya Zaɓa?

Sankarar babban hanji takan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda yakan yi shekaru kafin ya rikiɗe ya zama cuta, kuma wannan jinkirin ne ya ba likitoci damar riga ta. A shekarar 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 ga wanda ba ya jin komai a jikinsa.

Mafi sauƙi da araha shi ne gwajin bayan gida da ake kira FIT. Ana ba mutum 'yar kwalba mai tsinke a jikin murfinta, ya dangwali bayan gidansa, ya rufe, ya mayar ɗakin gwaji, inda ake neman jinin da ido ba ya gani. Ba a hana shi cin komai, sai dai dole ya maimaita duk shekara ko bayan shekara biyu, domin ba kullum tsiron yake zubar da jini ba.

Kolonoskofi kuwa aiki ne babba. Mutum zai kwana yana shan maganin wankin ciki, yana zaryar banɗaki har abin da yake fita ya zama ruwa garau, sannan likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta dubura ya duba hanjin gaba ɗaya. Idan ya ga tsiro nan take yake cire shi, idan kuma bai ga komai ba sai bayan shekara 10. Yana da tsada, kuma jefi-jefi akan samu zubar jini ko hujewar hanji.

Binciken NordICC da aka wallafa a 2022, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 84,000 a Foland da Norwe da Suwidin, ya nuna cewa gayyata zuwa kolonoskofi ta rage kamuwa da cutar da kashi 18 cikin ɗari kawai. Kashi 42 ne suka amsa gayyatar, sauran suka yi zamansu. A Sifaniya kuma, binciken COLONPREV na 2025 ya gano cewa bayan shekara 10 mace-macen da cutar ta jawo a cikin waɗanda aka gayyata zuwa FIT ba su wuce na 'yan kolonoskofi ba, kuma mutane sun fi yarda da kwalbar.

Akwai Cologuard, wanda yake neman sauyin ƙwayoyin halitta a bayan gida, ya kuma kama kashi 92 na masu cutar a binciken 2014, inda FIT ya kama 74, amma ya fi yawan tayar da hankalin masu lafiya da sakamakon da yake nuna matsala alhali babu ita. Gwajin jini na Shield, da Amurka ta amince da shi a 2024, yana gane kusan kashi 13 ne kacal na manyan tsirai da ba su rikiɗe ba, don haka ban ga dalilin fifita shi ba.

A ganina, wanda babu mai cutar a danginsa ya fara da FIT, amma kafin ya biya ya tabbatar da asibitin da zai yi kolonoskofi da kuɗin da za a caje shi, tunda duk sakamakon da ya nuna jini can yake ƙarewa. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar, likitoci sukan tura shi kolonoskofi tun yana shekara 40, ko ma kafin nan. Shi kuwa mai ganin jini ƙuru-ƙuru, ko mai ramewa babu dalili, wanda a wajenmu akan ce masa basir ne a haɗa shi da jiƙo, kwalbar ba tasa ba ce, likita zai nufa kai tsaye.