Manhajar Thonny: gwajin da na yi da ɗaliban shekarar farko

Duk wanda ya taɓa koyar da Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, ga ɗaliban shekarar farko a jami'a ya san cewa makon farko yakan tafi ne wajen girka manhaja, tun kafin a rubuta layi ɗaya na umarni. Ɗalibi zai sauke Python a kan Windows, ya manta bai danna ɗan akwatin PATH ba (wanda yake nuna wa Windows inda Python yake), daga nan kwamfutar ta ƙi gane umarninsa, shi kuma ya fara zargin kansa da rashin basira. Wannan matsala ce ta sa na koma amfani da Thonny, manhajar rubuta shirin Python da gudanar da shi, kuma ban yi nadama ba.

Aivar Annamaa ne ya ƙirƙiro ta a Jami'ar Tartu da ke ƙasar Estoniya domin masu koyo, kuma kyauta ake ba da ita. Babbar falalarta ita ce tana zuwa da Python a cikinta, saboda haka girki ɗaya ya wadatar. Fayil ɗinta bai kai megabait 100 ba, alhali na Anaconda, wani babban kunshin Python, ya kusan kai gigabait ɗaya, kuma wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga ɗalibin da yake sayen data da kuɗin abincinsa. Na saka ta a filashi guda, aji gaba ɗaya suka kwafa, har masu tsofaffin kwamfutoci na hannu ta yi musu aiki ba tare da nauyi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take bin shirin da ɗalibi ya rubuta daki-daki. Idan ya danna Ctrl da F5, sannan ya riƙa danna F7, zai ga yadda kwamfuta take warware lissafi gaɓa bayan gaɓa, yana kuma kallon ƙimar da ya ajiye tana sauyawa a gefe. Haka kuma duk lokacin da aka kira wani aiki (function, wato tarin umarni mai suna a cikin shirin), sabuwar taga takan buɗe masa, wanda hakan ya sauƙaƙa mini bayanin aikin da yake kiran kansa da kansa, darasin da a da nake cika allo da zane a kansa amma rabin aji ba su fahimta ba.

Tana da nata gurbin gazawa. Python ɗin da ke cikinta yakan kasance a bayan sabon fitowa, ba ta zo da Git ba (manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli), kuma ba ta da amfani ga kwas ɗin da ake koyar da Java ko C. Saboda haka nake shawartar ɗalibaina su yi zangon farko da ita, idan hannunsu ya faɗa kuma ayyukansu suka fara yawan fayiloli, sai su koma VS Code, wata babbar manhajar rubuta shiri.