Allurar dakatar da haila a wata kilinik ta Yamai: aiki mai kyau, bayani ƙanƙane

Kilinik ɗin mata da zan yi magana a kanta mai zaman kanta ce a nan Yamai, kuma ba zan ambaci sunanta ba. A can ne aka ɗora ni a kan allurar da ke dakatar da haila saboda ciwon da likitoci ke kira endometiriyos, wato tsirowar wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa a wuraren da ba nasa ba, kamar jikin jakar ƙwai ko bayan mahaifa, inda yake kumbura duk wata ya haddasa ciwon mara mai hana tsayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na fama da shi, kimanin mata miliyan 190 ke nan, amma a gidajenmu har yau ana cewa ciwon mara ne kawai, wai aure ko haihuwa za su warkar da shi.

Binciken da suka yi ya gamsar da ni. Likitar ba ta yi gaggawa ba. Ta tambayi tarihin ciwon tun daga farkon hailata, ta tambayi ko yana tsananta lokacin bayan gida ko lokacin saduwa da maigida, tambayoyin da mace ke jin nauyin amsawa amma sai da su ake gane cutar, sannan ta yi ekogarafi, wato hoton cikin ciki da na'ura, da hannunta, ta juyo mini allon ta nuna mini ƙullin da ke jikin jakar ƙwai ta hagu. Kafin allurar farko an yi gwajin ciki, kuma an tsayar da ranar ta faɗo cikin kwanaki 5 na farkon haila, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Wurin yana da tsabta, jiran ma bai wuce misali ba.

Inda suka gaza shi ne bayanin abin da zai biyo bayan allurar, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Maganin da aka rubuta mini Decapeptyl ne na miligiram 3, wanda ake yi sau ɗaya kowane mako 4, kuma danginsa su ne Enantone da Zoladex. Aikinsu shi ne su hana wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa aika wa jakar ƙwai umarnin samar da sinadarin istirojin, wanda da shi naman ke girma. Sai dai kafin su kashe umarnin sukan fara ingiza shi, don haka a mako na farko zuwa na biyu istirojin yakan hau sama, ciwon ya ƙaru, wani lokaci jini ya ɓalle, kamar yadda wuta ke yin bal idan aka watsa mata ɗan ruwa kafin ta mutu. Wannan sanannen abu ne, yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin, amma da Faransanci ne kuma da ƙananan haruffa, babu kuma wanda ya faɗa mini da baki.

Da ciwon ya fi ƙarfina na koma a firgice, ina zaton maganin bai karɓe ni ba. Malamar asibitin da na tarar ta riƙe hannuna ta ce: "Ki yi haƙuri, Hajiya, haka yake farawa, zai lafa." Gaskiya ta faɗa, kuma cikin tausayi, amma wannan jimla kafin allura ya kamata a ji ta. Macen da ta taso daga Tawa ko Dogondutsi, aka yi mata allura ta hau mota ta koma gida, idan wannan ciwon ya same ta a tsakar dare ba ta da wanda zai riƙe mata hannu, kuma abu ne mai sauƙi ta yanke cewa an cuce ta, ta ƙi dawowa allura ta biyu daidai lokacin da amfanin zai fara bayyana.

Bayan mako 3 zuwa 4 lamarin ya juya. Ciwon mara ya ragu ƙwarai, har na koma aiki ba tare da ƙwayar rage zafi a jaka ba, amma jiki ya shiga halin matar da haila ta yanke mata. Zafi yakan taso daga ƙirji ya hau wuya da fuska ba tare da dalili ba, zufa ta jiƙa zane da matashi cikin dare, barci ya yi ta yankewa, ga ciwon kai da na gaɓoɓi, ga bushewar gaba da raguwar sha'awa, ga saurin fushi da kukan da ban san mafarinsa ba. Wadda za ta fara cikin Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 ana kuma ɗauke wuta, ta tambayi likita ko ciwonta zai bari a jinkirta zuwa sanyi. Ina kuma ganin ya dace a kira maigida a yi masa bayani a gaban matarsa, domin bushewar gaba da sauyin hali suna iya jawo zargi a cikin aure alhali aikin magani ne.

Akwai hanyar sassauta waɗannan wahalhalu, kuma kilinik ɗin ta san ta, sai dai ba a ambata mini ita ba sai da na koka. Ana haɗa wa mace ɗan ƙaramin adadin sinadarin da aka danne, gwargwadon da zai rage zufa ya kare ƙashi ba tare da ya tada cutar ba. Batun ƙashi babba ne, domin rashin istirojin yana rage masa ƙarfi, shi ya sa ba a cika wuce wata 6 ana allurar ita kaɗai ba. Likitar ta rubuta mini sinadarin kalsiyam da bitamin D, ta kuma ce in riƙa shan nono da cin cuku da yin tafiyar ƙafa, kuma a wannan fannin ta yi abin da ya dace. Game da ɗigon jinin da kan zo a wata na farko, wanda ke rikita mace a kan salla da azumi, likita za ta iya faɗin dalilinsa, hukuncin kuma sai a nemi malamai.

Maganin yana da tsada, kuma ba kowace farmasi ke ajiye shi ba. Kilinik ɗin tana ba da takardar magani ne kawai, mace ta nemo da kanta, ba tare da an gargaɗe ta cewa kwalin bai kamata ya zauna a zafin da ya wuce digiri 25 ba, abin da ke da wuya ga wadda za ta ɗauko shi a taksi da tsakar rana.

Zan tura 'yar'uwata wurin saboda ingancin binciken likitar, amma da sharaɗin ta ƙi miƙa jikinta ga allura sai an faɗa mata abin da mako 2 na farko za su zo da shi, da lambar da za ta kira idan jini ya yi yawa ko baƙin ciki ya yi nauyi. Ta kuma tambayi ko ƙwayar Visanne ta miligiram 2, wadda ake sha kullum saboda wannan cuta, za ta wadatar da ita a maimakon allurar. Mai neman haihuwa ta bayyana hakan tun a zaman farko, domin allurar tana kwantar da ciwo ne ba ta tumɓuke shi ba, ba a neman ciki a kanta ko da yake ba a dogara da ita wajen hana shi, kuma haila takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta dawo bayan ta ƙarshe.